Hannu ko Hankali

Kwalbar maganin ce ke fara gaisuwa kafin mai ita ya buɗe baki. Kowace safiya idan Mazari ya sauko da ita daga kan kanta, ƙwayoyin ciki sai su hau kaɗawa, kacau-kacau, har a jiyo su daga tsakar gida. Ba girgiza ta yake yi ba. Hannunsa ne haka, yana rawa ko ya so ko bai so ba, daga nan ma ya samo sunan. Yayansa ne ya laƙaba masa shi a gaban mutane tun suna samari, sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Safiyar nan ma ya haɗiyi ƙwayarsa, ya fito ya zauna a benci, 'yar yayan nasa ta kawo shayi. Tun tana goye yake kiranta Uwata, don sunan mahaifiyarsu aka sa mata. Ta zuba masa rabin kofi kamar kullum, saboda cikakken kofi a hannun Mazari rabinsa na riga ne. Sannan ta ɗaga butar ta cika nata har baki. Ya zuba wa hannunta ido. Shayin ya sauka a miƙe, ko ɗigo bai kauce ba, ta ɗauki kofin da yatsu biyu ta kai baki.

A kowane gida hannun da ba ya rawa abin godiya ne, ban da wannan gidan.

"Uwata, yau hannu ya yi lafiya ke nan."

"Ya yi sauƙi, Baffa," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "Jiki ne ya saba."

"To madalla. Nawa jikin shekara talatin da ɗoriya yana jiran ya saba."

Ta yi 'yar dariyar kauce wa magana, ta rataya jakar aikinta ta fice, ta bar rabin shayin a kofi.

Ciwon na gado ne, daga wajen mahaifiyarsu. A gidan ba a kama sunansa, sai dai a ce abin ya tashi, ko abin ya kwanta. Idan ya tashi babu barci babu gajiya, baki ba ya rufuwa, mutum ya ga duniya ta yi masa kaɗan. Idan kuwa ya kwanta, ɗaga kai daga matashi ma aiki ne. Mazari da Yaya kusan tare ya kama su. Likita ɗaya ya duba su, magani ɗaya ya rubuta musu, litiyam. Ya ce a sha kullum ba fashi, a riƙa zuwa gwajin jini, domin maganin idan ya yi kaɗan ba ya aiki, idan ya yi yawa guba ne.

Matsalar ita ce su biyun masu aski ne. Mahaifinsu ya bar musu shago mai kujeru biyu da dogon madubi, da sunan da ke sa mutane su tsallake shaguna da yawa su zo a yi musu gyaran fuska da aska. Ba a jima da fara maganin ba hannuwansu suka soma rawa. Mazari ya koma wurin tsohon likitan, ya shimfiɗa masa su a kan tebur. Likitan ya leƙo su ta saman tabarau ya ce, "Sai ka zaɓa, yaro. Hannu ko hankali." Ya kira na gaba a layi. Tun daga ranar Mazari bai sake nuna wa wani likita hannunsa ba. Yana shiga ɗakin yake tura su aljihu, su kuwa likitocin da ke ta canzawa sakamakon jini suke dubawa, su ce da kyau, a ci gaba.

Shi dai ya zaɓi hankali. Yaya kuwa ya ce ba a haifi wanda zai yi masa wannan ciniki ba, duka biyun zai riƙe. Ya ƙirƙiro dabararsa. Idan ƙarshen mako ya matso, lokacin da benci ke cika da kawuna, sai ya ajiye maganin, hannu ya tsaya cak, ya yi aikinsa. Idan kasuwa ta lafa ya koma sha, wani lokaci har ya ninka wai yana ramuwa. A hankali kwanakin ajiyewa suka fi na sha yawa. Daga baya kwalbar ta zama wurin zuba tsofaffin reza.

Ranar da askar Mazari ta taɓa kunnen wani dattijo, jini ya ɗiga a farin tawul, Yaya bai jira mutane su ragu ba. A gaban cikakken benci ya ƙwace askar. "Tashi daga nan, mazari kawai! Shagon Baba ba mahauta ba ce." Aka kwashe da dariya, har da mai kunnen. Daga ranar aikinsa ya koma shara da wankin tawul da dafa ruwan zafi, kujera ta biyu kuma aka jibga mata kwalaye.

Abin da ke cin ransa har gobe shi ne, a idon unguwa Yaya ne ya ci riba. Shi ne gwani, shi ne mai barkwanci, shi ya yi aure. Mazari sau biyu yana nema, sau biyu ana bincike a gano yana shan maganin mahaukata, a sallame shi cikin mutunci. Wanda ya ƙi shan magani shi ne lafiyayye, tunda ba a ganin kwalba a hannunsa. Idan abin ya tashi wa Yaya, ya yi wa rabin layi aski kyauta, ya kwashi kayan shago ya rabar, sai a ce mutumin kirki, hannunsa a sake yake. Idan ya kwanta masa wata da watanni, Mazari ne ke rufe shago ya ce wa mutane ya yi tafiya. Matar Yaya ta yi iya haƙurinta ta tafi, ta bar 'yar yaye. Da hannun nan mai rawa aka ciyar da yarinyar, rabi a baki rabi a haɓa, da shi aka riƙa ɗaure mata igiyar takalmi tana tsaye tana mita za ta makara.

Yanzu Yaya ya ɗan haura sittin, kuma abin da ya same shi ba tashi ba ne, ba kwanciya ba. Mantuwa ce. Ta fara da sunayen abokan ciniki, ta ci hanyar gida, ta zo ta ci fuskoki. Wata rana ya bar wani da rabin kai a aske, ya fita neman mahaifinsu da ya daɗe a ƙasa. Masu zuwa suka janye ɗaya bayan ɗaya. Amma hannun na nan yadda yake, tsaye cak. Idan bai riƙe aska da safe ba, yini yake yi yana zagaye gida yana neman abin da bai san sunansa ba, har ya fashe da kuka. Don haka kullum Mazari ke buɗe shagon, ya zauna a kujera ya miƙa wuyansa. Shi kaɗai ne abokin cinikin da ya rage, kuma Yaya bai san ko wane ne ba.

Rumfar Uwata na tsallaken titi, daidai ƙofar shagon. Gyaran waya take yi, kuma ta iya, har maza masu sana'ar ke turo mata abin da ya gagare su. Bara ne abin ya tashi mata. Ta yi kwana da kwanaki ba barci, ta kwance wayoyin mutane duka ta baje a tebur, wai za ta haɗa guda ɗaya da ba a taɓa yin irinta ba. Mazari ne ya kai ta asibiti, shi ya bi masu wayoyin yana ba su haƙuri. Aka ɗora ta a kan litiyam, hankalinta ya dawo, rawar hannu ta biyo baya.

Da hantsi, bayan Yaya ya gama askinsa ya hau gyangyaɗi, Mazari ya tsallaka. Ya same ta sunkuye a ƙarƙashin fitila, hantsaki a hagu, ƙarfen dalma a dama, tana ɗora wani abu da bai fi ƙwayar yashi ba a cikin wata waya da ta buɗe. Ya tsaya har ta gama, don ya san abin da ake nufi da katse mutum a tsakiyar aiki.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun yaushe me, Baffa?"

"Ni za ki yi wa wannan? Ni da na yi wa ubanki wankin tawul yana wannan dabarar?"

Ta ajiye hantsakin a hankali. "Ba dainawa na yi ba. Idan aiki ya taru ne nake ɗan ɗagawa. Yana raguwa zan koma."

Maganar Yaya ce, ko kalma ɗaya ba ta canza ba. Mazari ya dafa katakon rumfar.

"Wa ya koya miki?"

"Ba wanda ya koya mini. Makon jiya na ƙona wa wata mata waya, Baffa. Hannuna ya goce, dalma ta zuba inda bai kamata ba, hotunan ɗanta da ya rasu duk suka tafi. A nan inda kake tsaye ta zauna tana kuka. Me zan ce mata? In ce ta yi haƙuri, hankalina nake karewa?"

"Sai ki ce mata haka."

"Kai haka ka ce wa mai kunne?"

Ta san labarin, duk unguwa ta sani, har yaran da ba a haifa ba a lokacin. Tana rufe baki ta sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri, Baffa."

"Ba komai, ai ba ƙarya kika yi ba. Gobe ranar asibitin babanki ce. Ki rufe rumfa ki raka mu, ni kaɗai ba na iya riƙe shi a mota."

Ƙarya ce, ya saba kai shi shi kaɗai. So yake ta ji da kunnenta daga bakin likita, tunda bakin mai shara ba shi da nauyi.

Likitar da suka samu washegari matashiya ce, ba za ta girmi Uwata da yawa ba. Yaya ya gaishe ta da fara'a sau biyu, sannan ya mayar da hankalinsa kan ƙeyar wani ma'aikaci da ya shigo da fayil. "Bawan Allah, wa ya yi maka wannan ɓarnar? Ka zo shago in gyara maka." Ma'aikacin ya shafa ƙeya ya fita yana murmushi.

Likitar ta juyo musu da allon kwamfuta. Hoton ƙwaƙwalwar Yaya ne da aka ɗauka a zuwan baya. Ta sa bakin biro a wani ɗan wuri can ciki, ta ce nan ne ke riƙe abin da mutum ya gani ya ji yau, don ya same shi gobe, kuma a wurin Yaya ya motse ƙwarai. Mazari bai ga komai ba sai toka-toka da baƙi. Ba hoton ne ya kawo shi ba. Ya gyara zama ya fito da tambayar da ya kwana yana shiryawa.

"Likita, ga 'yarsa nan, ita ma tana kan maganin. Ki faɗa mata. Da ya sha kamar yadda na sha, da bai zama haka ba. Ko ba haka ba?"

Likitar ta dube shi, ta dubi Uwata, ta ajiye biron.

"Ba zan iya rantse maka ba, Baba. Abin da muke gani shi ne, yawan tashi da kwanciyar nan yana gajiyar da ƙwaƙwalwa, kuma maganin yana rage su, wannan kam an daɗe da sani. Bayan haka an yi bincike a wurare da dama, an ga kamar waɗanda suka daɗe a kan litiyam ba sa kamuwa da mantuwa kamar masu irin ciwon da ba su sha ba. A hoton wasunsu ma wurin nan bai motse sosai ba. Ana zaton maganin yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta jure. Amma zato ne, bincike bai ƙare ba. Akwai wanda ya sha kuma ya manta. Akwai wanda bai sha ba ya tsufa da tunaninsa garau."

"Wataƙila ke nan."

"Wataƙila ce, amma mai nauyi."

Ya ji haushinta ƙwarai. Kalma ɗaya ya roƙa, e, kuma ba don kansa ba. Ƙaryar da ba za ta kashe kowa ba, ita ce ta gagari yarinyar nan mai farin kaya. Ya ba da kujerarsa, ya ba da aure, ya ba da sunansa, an auna duka an ce masa wataƙila.

Uwata ce ta yi magana, muryarta a sanyaye. "Rawar hannun fa, Likita? Ita ma wataƙila ce?"

"A'a, ita kam ana ganinta. Amma ba a barin mutum da ita haka nan. Sai a auna jini, a ga ko za a ɗan rage, ko a canza lokacin sha. Akwai kuma wata 'yar ƙwaya da ke kwantar da rawar ga mutane da yawa. Abin da ba a yi shi ne a sha yau a bari gobe. Dainawa farat ɗaya tana iya tayar da ciwon fiye da da, ninkawa kuma tana iya taɓa ƙoda. Kina fashi?"

Uwata ta kawar da kai.

"To ki koma sha kullum tukuna, ki jure rawar na ɗan lokaci. Sai jinin ya daidaita zan san abin da zan rage da abin da zan ƙara."

"Kin ce ga mutane da yawa. Ba kowa ba ke nan."

"Ba kowa ba."

"Wataƙila biyu ke nan," in ji Uwata.

Likitar ba ta musa ba. Idonta ya sauka kan hannuwan Mazari. Cikin zafin magana ya manta ya fito da su daga aljihu, ga su nan a kan gwiwarsa suna abin da suka saba.

"Kai fa, Baba? An gwada maka ƙwayar ba ta yi ba ne?"

"An ce in zaɓa."

"Wa ya ce?"

"Ya rasu. Ƙwayar nan da kike faɗa, sabuwa ce?"

Da ta san abin da yake tambaya, wataƙila da ta sassauta. Ba ta sani ba.

"A'a, tsohuwa ce. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Idan zuciyarka da numfashinka lafiya, sai mu gwada maka. Ko bayan shekarun nan ana iya dacewa."

"In aske wa?" in ji Mazari.

Yaya na ta shafa haɓarsa yana kallon ƙofa. Mazari ya juya sai ya ga Uwata ba allon take kallo ba, ba likitar ba, shi take kallo. Ya kawo ta ta ga ƙwaƙwalwar ubanta, sai ga shi fuskarsa ta gani. Ya yi ƙoƙarin gyara ta, amma ya makara.

A mota Yaya ya fara damuwa. Bai riƙe aska ba tun safe, yana ta laluben aljihu yana cewa mutane na jiransa. Don haka da suka sauka ba su nufi gida ba, shago suka buɗe. Uwata ta tsaya a bakin ƙofa. Tun ranar da ubanta ya tambaye ta ko 'yar wane gida ce ba ta sake shiga ba. Yau ta shiga, ta share ƙura da gefen gyale, ta zauna a ƙarshen benci da jakarta a cinya.

Yaya na taka shagon ya zama wani mutum. Kafaɗa ta miƙe. Ya karkaɗe tawul sau ɗaya, fat, ya ɗaura wa Mazari a wuya, ya sa yatsa ya gwada ko ya matse. Ya ja askar a jikin fata, gaba da baya, ya gwada kaifin a gashin hannunsa. Ya kaɗa kumfa.

"Malam baƙo ne a unguwar nan?"

"Baƙo ne," in ji Mazari. Kullum haka suke farawa.

"Ka zo wurin da ya dace. Shagon mahaifinmu ne. Da mu biyu ne, ni da ƙanena." Ya karkatar da kan Mazari da yatsu biyu, askar ta sauka daga kunne zuwa haɓa a ja ɗaya, ya goge ta a tawul. "Waccan kujerar tasa ce. Matsoraci ne. Likita ya ba shi tsoro ya sayar da hannunsa, ya koma shara. Namiji guda da tsintsiya."

Wannan ma Mazari ya haddace shi, kullum sai ya sha shi da kumfa a fuska. Ta madubi ya ga Uwata ta dafe baki.

Yaya ya koma ɗaya kuncin. Ya ɗan tsaya, askar a sama, ya sunkuyo ya rage murya.

"Amma in gaya maka gaskiya, Malam, ya fi ni hannu. Baba ma ya faɗa. Idan ya yi wa mutum gyaran fuska, sai barci ya ɗauke shi a kujera. Ban taɓa gaya masa ba." Ya yi 'yar dariya. "Idan ka haɗu da shi kada ka faɗa masa, kansa zai kumbura."

Wannan sabo ne. Mazari ya ji idonsa ya yi zafi. Shekara talatin yana shara a ƙarƙashin ƙafar mutumin nan, maganar na cikin bakin Yaya, bai ga wanda ya cancanci ya ji ta ba sai baƙo.

"Ɗaga kai," in ji Yaya. Ya tura haɓar sama da babban yatsa, ya ja fatar wuya, ya ɗora askar daidai maƙogwaro.

A lokacin ne Uwata ta miƙe.

"Baffa, tsakaninka da Allah. Da za a mayar da kai ranar nan, a sake cewa ka zaɓa, wanne za ka ɗauka?"

Ya buɗe baki.

"A'a, Malam," in ji Yaya. "Ba a magana aska na wuya."

Ya rufe. Amsar na nan, ya san ta, ita ya kamata ya ba ta. Yana tune da ranar da ta fara tafiya, daga bencin nan zuwa kujerar nan, ta kama ƙafar wandonsa ta faɗi zaune. Yana tune da haƙorinta na fari, da ranar da ta kwance rediyon shago ta mayar da shi ya yi magana. Mutumin da ya haife ta ba shi da ko ɗaya daga ciki. Amma kan da ya riƙe waɗannan shi ne ya riƙe dariyar benci, da muryar dattijan da ya je neman aure wurinsu suka ce a yi haƙuri an riga an yi wa yarinyar miji, da fuskar tsohon likita yana kiran na gaba. Ba abin da ya zube masa, ko ɗaya. Askar na tafiya a wuyansa sannu a hankali, ba gargada, sai ya tarar a ransa yana gode mata da ta hana shi magana. Kunya ta kama shi.

Ta madubi ya ga Uwata ta jira. Ta dubi hannun ubanta, ta dubi nasa da ke rawa a kan hannun kujera. Ta buɗe jaka, ta ajiye wani abu a kan kanta tsakanin hoda da buroshi, ta fita ta tsallaka titi.

Yaya ya gama, ya goge masa fuska da tawul mai ɗumi, ya shafa hoda, ya juya kujerar ga madubi.

"Duba. Ko ƙwarzane babu. Da ƙanena ne da yanzu kana neman kunnenka." Ya leƙa waje. "Wace ce yarinyar da ta fita?"

"'Yata ce," in ji Mazari.

"Allah ya raya. Tana da hannun sana'a, na lura da yadda ta riƙe jaka. Kada ka bari ta yi wasa da shi."

Ya zauna a benci yana murmushi, ba a jima ba kansa ya fara rinjaya. Mazari ya wanke askar, ya kulle ta a aljihun tebur, ya share 'yan gashin da suka zuba, nasa ne ma duka. Sannan ya je gaban kanta. Kwalbarta ce, irin tasa sak, kusan a cike. A tsallaken titi ta riga ta kunna fitila ta sunkuya kan aiki.

Ya ɗauki kwalbar. Ta hau kaɗawa, kacau-kacau, ta cika shagon. Ya yi sauri ya ajiye. Ya tsaya yana kallonta, har yanzu bai san abin da zai ce ba idan ya isa. Ya jawo busasshen tawul ya naɗe ta, ya ƙara naɗewa, ya matse ta a ƙirji da hannu biyu don kada Uwata ta jiyo shi tun daga nesa. Ya duba hagu da dama, ya sa ƙafa a titi.